Ɗaurin Aure a Tagar Tuttle

Duk garin Harlow ba wanda ya kai Lemuel Tuttle baki. In ka shiga kantinsa sayen allura, to ka yi wa aljihunka addu'a, don da wuya ka fito ba da fitila da igiyar shanya ba, har kana yi masa godiya. Babu shinge ko dutsen bakin hanya da bai rangaɗa wa sunansa da jan fenti ba. Duk mako sai jaridar gari ta fito da 'yar waƙar da ya tsara wa sabulu ko man takalmi. Ya taɓa lulluɓa wa wani alfadari bargo mai tallan garin kofi ya sake shi a kasuwa, dabbar ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar coci ana tsakiyar jana'iza. An zage shi tas, amma a makon nan kofi ya ƙare.

Haja ɗaya ce bakin nan ya kasa tallatawa, wato mai shi. Shekara da shekaru Lemuel yana son Mis Adelia Marsh, telar da ke ɗinki a saman kantin magani. Kowa a garin ya sani, ita ma ta sani, amma bai taɓa furtawa ba. Da ta shigo sayen zare sai harshensa ya yi nauyi, ya hau ba ta tarihin masaƙar da aka yi zaren.

Baba Silas, tsohon da kullum yake zaune a kantin yana jin ɗumi yana cin biskit ɗin da bai saya ba, ya gaji da kallon wannan abin haushi.

"Kai Lem, kai da ka sayar wa Fasto lema ana tsakiyar fari, 'yar magana guda ta gagare ka?"

"Baba, komai da lokacinsa."

"Haka kakana ya riƙa faɗa har ya mutu bai koyi iyo ba."

Da kaka ta kama, Crabb mai kantin tsallaken titi ya sa ƙatuwar tagar gilashi, ya tsayar da mutum-mutumin katako sanye da kwat a ciki, jama'a suka koma can kallo. Lemuel ya sa tagar da ta fi ta Crabb girma, ya kuma yo odar murhun girki na ƙarfe daga birnin Cincinnati, baƙi wuluk mai adon azurfa-azurfa. Ranar da aka sauke shi daga jirgin ƙasa ya ga Adelia ta tsaya ta shafa murfinsa. Nan take dabara ta faɗo masa.

Kafin mako ya zagayo an manna takardunsa a kowace bishiya: duk saurayi da budurwar da suka yarda a ɗaura musu aure a cikin tagar Tuttle ranar baje kolin kaka, murhun nan nasu ne kyauta. A lissafinsa ga ciniki ga biyan buƙata. Adelia za ta tambaye shi zancen, daga nan magana ta buɗe da kanta ba sai ya sha wahala ba.

Ta kuwa tambaya. Ranar Asabar ta shigo da takardar a hannu.

"Mista Tuttle, wannan da gaske ne, ko irin ta alfadari ce?"

"Da gaske ne, Mis Adelia."

"To wace mace ce za ta yarda a kafa ta a taga kamar kayan gwanjo?" Ta dube shi ido cikin ido. "Sai dai fa in wanda ya tambaye ta ya iya tambaya."

Lemuel ya juya ya dafa murhun. Ya buɗe baki, ya ce, "Yana ɗaukar tukunya shida a lokaci ɗaya. Ga gidan gashi, ga tankin ruwan zafi a gefe."

"Ba ni baƙin zare," in ji ta.

Da ta fita Baba Silas ya jefe shi da guntun biskit.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba wanda ya zo. Crabb har leƙowa yake yi yana tambaya ko a ara masa mutum-mutuminsa ya zama ango. Ana saura mako guda sai ga Gustav Brandt, wani manomi da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, mutumin da in ya ce maka "ina kwana" ya gama hirar ranar. Ya shigo da hula a hannu, Adelia tana biye da shi.

"Mun zo maganar murhu," in ji Gustav.

Lemuel ya ji kamar an watsa masa ruwan rijiya. Baba Silas ne ya samu bakin magana. "Gus, kai kuma me ka ce mata?"

"Ya tambaya ne kawai, Baba," in ji Adelia, idonta a kan Lemuel. "Ashe abin ba wuya."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Lemuel ya taya su murna da murmushin da bai wuce haƙora ba, da suka fita ya zauna a kan buhun gishiri ya rafka tagumi. Baƙin ciki ya cika shi, ga kuma haushin kansa, don shi da hannunsa ya buga takardar.

"Saura ƙofa ɗaya," in ji Baba Silas. "Ka san kafin a ƙulla, Fasto zai tambaya ko akwai mai ja. Tun ina yaro nake jin tambayar nan, ban taɓa ganin wanda ya amsa ba. Ka taimaki tsoho ya gani kafin ya mutu."

Lemuel ya yi ta maza ya ce zai yi. Mako guda yana bita a ɗakin ajiya, yana gaya wa buhunan fulawa irin son da yake musu. Maganar ta zauna masa daram, har shi kansa sai da ya yi ƙwalla.

Ranar baje koli titi ya cika maƙil. Kekunan doki sun tsaya har bakin gada, yara sun ɗare rufin ɗakuna, mata sun yi ado kamar nasu bikin. Kantin Crabb kuwa ko ƙuda babu, shi ma yana cikin 'yan kallo yana miƙa wuya. An kwashe kayan taga an shimfiɗa darduma, ango da amarya suka hau suka tsaya kusa da murhun, aka bar ƙofa a buɗe don na waje su ji. Adelia ta sa rigar da ta ɗinka da hannunta, ruwan toka mai haske, kyanta ya sa Lemuel ya kasa ɗauke ido.

Fasto Whitlow ya yi karatunsa, ya zo wurin da ake jira. "In akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyun, ya faɗa yanzu."

Lemuel ya tako bakin ƙofa ya ɗaga hannu.

Titi ya yi tsit. Baba Silas ya miƙe tsaye ba sanda. Adelia ta juyo, a hankali ta zare hannunta daga na Gustav. Ba fushi a fuskarta, jira kawai take yi.

Lemuel ya dube ta, ya kau da kai don ya ja numfashi. Sai idonsa ya faɗa kan jama'a. Tun da ya buɗe kanti bai taɓa ganin taro irin wannan a ƙofarsa ba, kowa ya kasa kunne, ba mai ko tari. Hali zanen dutse. Bakin ya kama hanyar da ya saba.

"Jama'a! Da an gama, duk wanda ya sayi fitila, lagwani kyauta ne!"

Dariya ta ɓarke har dawakai suka firgita. Fasto ya rufe fuska da littafinsa kafaɗunsa suna rawa. Crabb ya buga ƙafa ya ce, "Kai, wannan mutumin shaiɗani ne!" Baba Silas ya koma ya zauna.

Adelia ba ta yi dariya ba. Ta mayar da hannunta cikin na Gustav, da Fasto ya tambaye ta, ta ce "Na yarda" da ƙarfin da na bakin gada ma suka ji.

Kafin rana ta karkata babu sauran fitila a kantin. Ƙarti suka ɗora murhun a keken Gustav, amarya ta hau ta zauna tsakanin yaran. Lemuel ya fito ya tsaya a gefen keken, ya cire hula, maganar da ya yi mako yana bita yanzu ba ta da sauran amfani.

Adelia ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Da ka faɗa, da na sauko daga tagar nan a gaban kowa, Lemuel." Ta gyara zama. "Allah ya ba da kasuwa."

Gustav ya kaɗa linzami, keke ya tafi. Daga cikin kanti wata mata ta ƙwala kira, wai ba a ba ta lagwaninta ba.

"Ina zuwa, uwargida," in ji Lemuel.