Ɗanyen Katako da Busasshe

Kwana tara ke nan kwaɗo na rataye a ƙofar shagon Baba Kafinta, makullin kuma na aljihun babban ɗansa, wanda ake ce wa Injiniya don yana gyaran waya.

Daga jiri abin ya faro. Baba na tsaye gaban injin yanka katako, ƙasa ta juya masa, ya zauna daɓas cikin garin katako. A asibiti aka tura shi cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa, aka ba su hoton ƙwaƙwalwarsa a babbar ambulan, aka ce su dawo ganin likita bayan mako biyu. Injiniya bai iya jira ba. Yana da nasa hoton, na lokacin da babur ya kayar da shi yana ɗan talatin. Ya manna su biyun a gilashin taga, ya kira ƙanwarsa Auta.

"Duba nan. Tawa ta cika ƙoƙon kai taf. Ta Baba ga rata gefe da gefe, ga baƙin ramin nan na tsakiya ya buɗe baki. Ta tsuke, Auta."

Tun daga ranar, in Baba ya ce ina hulata, sai a kalli juna. Labarin da ya shekara ashirin yana maimaitawa ba wanda ya ce uffan, yanzu in ya ɗauko shi sai Auta ta share hawaye. Ga teburin wata malamar makaranta a kulle cikin shagon, saura ƙafa biyu. In ta kai aikin wani wuri, gari zai ɗauka cewa Baba ya gama yayi.

Baba ya jawo katako biyu daga bayan ɗaki, ya dire gaban ɗan nasa.

"Faɗinsu ɗaya aka yanko su. Wannan ɗanye, wannan shekararsa biyar a inuwa. Auna."

Busasshen ya gaza da rabin yatsa.

"To, da wanne zan yi maka ƙofa?"

"Baba, ƙwaƙwalwa fa ba katako ba ce."

"Ba waya ba ce kuma, amma ka leƙa cikinta ka yanke hukunci."

Ran komawa asibiti Baba ya ce a taho da hotunan duka biyu. Likitar, wata mace mai tabarau, ta saurari bayanin Injiniya har ƙarshe, sannan ta ture nasa hoton gefe.

"Wa ya ce ka gwada ta ɗan talatin da ta ɗan saba'in? Duk wanda ya tsufa tasa na raguwa kaɗan kaɗan, musamman ta goshi da wajen da ke riƙe sabon abu, ruwan da ke ciki ya cike gurbin. Da ta sa'o'insa ake aunawa, kuma tasa daidai take da shekarunsa. Jirin nan hawan jini ne, ga magani."

Ta faɗa wa Baba kalmomi biyar ta ce ya riƙe, ta sa shi ya zana agogo, sannan ta nemi kalmomin. Ya kawo huɗu.

"Ba laifi," in ji ta.

Suna fitowa baranda Baba ya miƙa hannu. "Makulli."

Injiniya ya sosa ƙeya. "Amma ai da bakinta ta ce ta ragu. Kuma ɗaya ta kuɓuce maka."

"Duk zancen nan da matar ta yi, abin da kunnenka ya tsinta ke nan?"

"Baba, in injin nan ya cinye maka yatsu, ni duniya za ta zaga."

Baba ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Ya janye hannunsa. In ya ɗaga murya, gobe a ce alamar ciwon ce.

Da hantsi washegari ya ari sukundireba wajen maƙwabcinsa mai faci. Ƙarfen da kwaɗon ke rataye a jiki, shi ya kafa shi da hannunsa, sukuru huɗu ne kawai. Ya kwance su, ya tura ƙofa ya shiga, ya tsaya turus. Injin na nan, amma an kwance zarton an tafi da shi. Yaron ya riga shi.

Ya ja dogon tsaki, ya sauko da zarton hannu daga jikin bango. Aikin minti goma zai cinye masa yini.

Auta ta leƙo tana haki. Ya miƙa mata kwaɗon a kulle, har da ƙarfensa.

"Kai wa yayanki. Ki ce ya ci gaba da riƙon makullin da kyau."

Yana tsakiyar aikin ƙafar teburin ta biyu, gumi na ɗiga a kan katakon, sai kalmar nan ta biyar ta faɗo masa.

"Tsani!" ya ce da ƙarfi.

Ya waiga. Babu kowa a ƙofar.