Husufin Na Wane Sashe Ne?

A cibiyarmu ta binciken sararin samaniya na'urar hangen nesa ɗaya ce tak, sassa kuwa uku: na Rana, na Wata, na Taurari. Doka ta ce wanda abu ya faɗo a sashensa shi ke karɓar mabuɗin ɗakin na'urar. Ni ce sakatariya, kuma ban taɓa ganin rigima a kai ba, tunda kowa da lokacinsa.

Sai ga husufin rana.

Baba, shugaban Sashen Rana, shekara talatin da ɗaya yana jiransa. Tun yana saurayi ya lissafa: ranar Talata, sha ɗaya da minti bakwai, duhun minti uku. Idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama ma yana haɗa kaya.

Da safe ya zo karɓar mabuɗi, shugabar Sashen Wata ta tare ƙofa.

"Haba Baba, da girmanka? Wa zai rufe wa? Wata ne ke aikin, ranarka zaune kawai take."

"Mu ma fa taurarinmu za su leƙo," in ji shugaban Taurari, wanda sai ranar na san yana iya tashi da safe.

Darakta ya kira taro a ɗakin ƙasa, inda ko taga babu. Aka kawo fitila a matsayin rana, lemu a matsayin wata. Ana cikin gardama na Taurari ya ɓare watan ya shanye, aka aika neman wani. Ina rubutu, raina na tafasa.

Baba kuwa agogonsa yake kallo. Can ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ya fara."

"Ba mu zo kan wannan ba tukuna," in ji Darakta.

Sha biyu saura aka yanke hukunci cewa husufin na kowa ne, aka miƙa wa Baba mabuɗin. Muka haura da gudu, ihu bayan hari. Rana tarwai. A tsakar gida mai shara ce kaɗai, tana ninke tsummokaranta.

"Iya, kin ga duhun?" in ji Baba.

"Na gani mana."

Ya zauna kusa da ita a kan dakali, mabuɗin na hannunsa. Tausayinsa ya hana ni kallonsa.

"Faɗa mini yadda yake. A hankali, kar ki bar komai."

"Wallahi Baba ban ɗaga kai ba. Na ɗauka hadari ne, shanyata na tashi kwashewa."