Zarto a Kan Keken Vasko

Marlys Haugland ta haura shekara saba'in, kuma fiye da rabin shekarun nan a kan keke ɗaya ta yi su. Kore ne shar, na ƙarfe, wanda marigayi Orrin Vasko ya ƙera mata da hannunsa a wani ɗan shago da ke bayan gidansa a birnin St. Paul. A lokacin ita malamar makaranta ce, shi kuwa ba wanda ya san da zamansa sai maƙwabtan da ƙarar gudumarsa ta dama. Ya auna tsawon ƙafarta da hannunta da gadon bayanta kamar tela, ya sa ta jira har hunturu ya shiga ya fita, sannan ya miƙa mata keken da ya zauna mata kamar tare aka haife su. Sai bayan ransa ne sunansa ya yi tsada. Masu tara kekunan da aka ƙera da hannu suka shiga farautar duk abin da ya fito daga wannan shago, musamman wanda fentinsa na asali bai taɓu ba. Na Marlys yana cikin irinsu.

Matsalar ta zo ne bayan an yi mata aiki a ƙugu. Ta warke sarai, likita ma ya ce ta koma hawan kekenta. Amma ranar da ta fito da shi ƙofar gida, ƙafar ta ƙi ɗaguwa ta tsallake sandar sama, wadda ta taso daga ƙarƙashin sirdi zuwa wuyan keken. Ta karkatar da shi, ta gwada. Ta hau dakali, ta sake gwadawa. A gwaji na ƙarshe ita da keken suka zube cikin furannin maƙwabciyarta. Ta kwanta nan tana kallon sama tana dariya, amma da ta tashi ta san cewa ƙafar nan ta gama tsallake wannan sanda har abada.

Duk ranar Asabar tsofaffin mahaya keke kan haɗu a wani gidan abinci da ke bakin kogi, su ci fanke su sha kofi kafin su kama hanya. Ranar nan Marlys a mota ta zo, kuma ba ta ɓoye dalili ba.

Gordy Kowalke, tsohon direban babbar mota mai bakin tsiya, ya ce, "To tsohuwa, sai mu haɗa miki igiya da ƙugiya a gareji, mu riƙa ɗaga ki muna ɗora ki kamar buhun masara."

"Kai da ko cikinka ba ka iya ɗagawa?" in ji Marlys.

Aka kwashe da dariya, ban da Dwight Pelkey. Shi tsohon likitan haƙori ne, ɗakin ƙasan gidansa cike yake da kekuna rataye a bango, kowanne da fitilarsa. Ya daɗe yana zawarcin koren keken nan. Ya matso da kujerarsa, ya sassauta murya kamar mai gaisuwar mutuwa, ya faɗi abin da zai biya. Gordy ya ƙware da kofi.

Dwight ya ce, "Ki sayi sabo irin na mata, mai saukin hawa, har canji ya rage miki. Shi kuma wannan ya huta a wurin da za a san darajarsa. Ko ƙura ba za ta taɓa shi ba."

"Ko hanya ma ba za ta taɓa shi ba," ta ce. Amma ta yi masa alkawarin za ta yi tunani, kuma ta yi. Ta je babban shagon kekuna ta gwada sababbi iri-iri. Duk suna da kyau, ba wanda ta kushe. Sai dai kowanne ta hau, ji take kamar ta sa takalmin wani. Wannan hannunsa ya yi mata nisa, wancan ya sa ta zauna ƙiƙam kamar a kujerar coci. Tana fitowa ta ce a ranta, lallai kayan aro ba ya rufe katara.

Washegari ta ɗora koren keken a bayan mota ta nufi shagon Tou Vang. Tou shi ne ya koyi ƙira a hannun Orrin, yanzu kansa ya fara furfura, kuma masu jiran ya ƙera musu keke sun yi layi. Yana ganin abin da ta shigo da shi ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa.

Ta ce, "So nake ka cire sandar nan ta sama, ka sa wata ƙasa-ƙasa yadda ƙafata za ta wuce."

Tou ya dube ta, ya dubi keken. "Anti Marlys, kin san abin da kike cewa kuwa? In sa zarto a aikin maigidana?"

"Maigidanka ni ya ƙera wa, ba bango ba."

"Bari in ƙera miki sabo. Awonki ɗaya, komai ɗaya. Zan tsallake da ke layi."

"Na gode, amma ina da keke."

Tou ya zagaya shi yana shafa mahaɗan ƙarfen, inda Orrin ya goge da magagari har suka yi sumul. Ya gaya mata gaskiya tsakani da Allah: aikin zai yiwu, amma wuta za ta cinye fentin wurin, keken zai ɗan rage ƙarfi, kuma daga ranar masu saye ba za su ƙara kallonsa ba. Ta ce duk ta ji. Ya ce ta ba shi mako guda ya yi shawara da zuciyarsa.

Kafin makon ya cika labari ya gama gari, domin ta gaya wa Gordy, shi kuwa ba ya iya riƙe magana. Ranar da ta koma shagon, ta tarar Tou ya kwance tayoyi da sarƙa da birki, ya ɗaure gangar keken a kan teburin aiki, zarto na ajiye a gefe. Ta kuma tarar da Dwight tsaye a kai, fuska ja wur, ko hular sanyinsa bai cire ba.

Ya ce, "Marlys, don girman Allah ki saurare ni. Irin wannan da suka rage a duniya ba su da yawa. Ba naki ba ne ke kaɗai."

"Ashe? To wa ya taya ni hawan tudu da shi duk shekarun nan?"

"Na ƙara a kan abin da na faɗa. Faɗi kuɗin da bakinki."

"Dwight, da kuɗi nake nema da tun a gidan fanke mun gama."

Ya juya wurin Tou. "Kai kuma, mutumin nan ya ɗauke ka kamar ɗansa. Da wane ido za ka yi wannan?"

Maganar ta soki Tou. Ya sunkuyar da kai, hannun da ya miƙa wajen zarton ya tsaya. Marlys ta ga haka, ta san in ta bar shi da wannan nauyi ba zai taɓa yafe wa kansa ba. Sai ta ajiye jakarta, ta naɗe hannun rigarta, ta ce, "Nuna min inda za a yanka."

Tou ya nuna mata da yatsa. Ta ɗauki zarton ta kafa a wurin. Jan farko ya zame ya karci fentin, Dwight ya ja numfashi kamar shi aka yanka. Ta gyara tsayuwa ta sake ja, haƙoran suka kama. Ƙarfen siriri ne ƙwarai, bai ba ta wahala ba. Ita ma fa ta ji abin a ƙirjinta, don ta tuna ranar da Orrin ya turo mata shi yana murmushi da guntun fensir a bayan kunne. Amma ta ci gaba da ja har sandar ta rabu.

Ta miƙa wa Tou zarton. "To, ni na ɓata. Kai gyara kawai za ka yi."

Tou ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Dwight kuwa ya fice bai yi sallama ba.

Aikin ya ɗauki lokaci, don Tou bai yarda ya yi shi da gaggawa ba. Maimakon sanda ɗaya ya sa sirara guda biyu, suka gangaro daga wuyan keken har gindin tayar baya, ya liƙe su da tagulla, ya goge mahaɗan irin yadda aka koya masa. Da aka zo fenti, ya ce zai iya haɗa koren da zai saje da tsohon har ba mai ganewa. Marlys ta ce a'a, ya shafa musu fenti ruwan madara, kowa ya ga inda aikin Orrin ya tsaya da inda na Tou ya fara. A dandalin masu tara kekuna na intanet kuwa an yi ta tsine mata, wani har ya ce kamata ya yi a kai ta kotu. Gordy ne ke karanto mata a waya yana ƙara gishiri, ita kuma tana cin tuffa tana gyara masa karatu.

Asabar ɗin da ta dawo cikin mahayan da kekenta, ganyen itatuwan bakin kogi ya fara ja, alamar sanyi na tafe. Ta zura ƙafa ta tsakiyar keken ba tare da ta ɗaga ta ba, ta zauna a sirdinta, hannuwanta suka faɗa daidai inda suka saba. Mahayan suka kewaye ta. Dwight ya tsaya nesa da farko, daga baya ya kasa haƙuri, ya zo ya tsuguna ya sa tabarau yana duban mahaɗan ɗaya bayan ɗaya.

Ya miƙe ya ce, "Aikin Tou ba laifi. Amma kin ɓata shi, kuma ba zan fasa faɗa ba."

"Faɗi abinka, amma a kan hanya. Rana na yi."

Suka kama hanyar da ta bi gefen kogi. A gangaren farko ta ji abin da Tou ya faɗa: keken ya ɗan yi lanƙwasa a ƙarƙashinta, ba kamar da ba da yake tsaye kyam. Ta taɓa birki ta rage gudu, ta karɓi hakan. A hawan tudu kuma ƙafar da aka yi wa aiki ta yi ta ƙorafi, har aka bar ta a baya. Sai ga Gordy ya rage gudu ya jera da ita, yana haki.

Suka ɗan yi tafiya a jere. Can ya waiga ya tabbata sauran sun yi nisa, ya ce, "Marlys, wannan Tou ɗin, yana taɓa keken da ba maigidansa ya ƙera ba?"

"Me ya faru?"

"Gwiwar nan tawa ce. Kullum sai na jingina da bango kafin in hau, in babu mai kallo. Kada ki gaya wa kowa."

"Ni ba kai ba ce," ta ce. "Ranar Talata zan kai masa ya duba birki, ka zo mu tafi tare. Yanzu dai rufe baki ka taka, ga Dwight can yana jiranmu a kan tudu, kada ya ce mun tsufa."