Kwalekwalen Mai Zarto da Dutsen Niƙan Inna

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, ai mun gyara."

Tun ranar da likita ya gaya wa Inna Balaraba ta unguwar Laranto a Jos cewa yanar idonta tana ƙara kauri, kuma ba tabbas ko aiki zai yi magani, ta kafa magana ɗaya ta ƙi sauka a kanta. So take ta ga dutsen niƙan mahaifiyarta kafin gani ya ƙare mata. Ba irin dutsen da ake ɗauka ba ne. Wani shimfiɗaɗɗen fa ne a barikin masu haƙar kuza inda aka haife ta, can bayan Bukur, mai gurbi uku da mata suka yi shekaru suna niƙa a ciki har dutsen ya lotsa. Na tsakiyar shi ne na uwarta, kuma a gefensa akwai wata tsaga da take ɓoye aya tana yarinya. Tana da shekara tara suka bar wurin. Daga baya ta ji an ce ruwa ya cika ramin kuzar, ya miƙe kamar kogi, ya cinye barikin, sai wani ɗan tudu da ya rage a tsakiya. Ita kuwa ta yanke cewa dutsen yana kan tudun nan.

Ɗanta Lukuman kafinta ne a kasuwar Katako. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mai zarto. Mutumin Jos ne haifaffe, ruwan da ya sani shi ne na famfo da na sama. Amma ya taɓa gani a waya wasu dogayen jiragen ruwa sirara da iyali ke shiga har da karnukansu, sai ya ce ai wannan aikin katako ne. Mako shida ya yi a kai. Ya fito da abu dogo siriri, da rufin kwano, da benci jere kamar na aji, ya like ƙasan da kwalta. 'Yan kasuwa suka yi ta musu, wasu sun ce akurkin kaji ne, wasu sun ce shagon sayar da kati.

Wata Asabar cikin Agusta, maƙwabcinsu Pam direba ya ɗora jirgin a akori-kurarsa. Ya taho da matarsa Suzana da karensa Kofur. Lukuman ya taho da matarsa Rahma, Inna kuma ta rungumo kyanwarta Madara a kwando, domin ta ce ba ta barin marainiya ita kaɗai a gida.

A bakin ruwa Inna ce ta tsara zama, kuma ta tsara shi yadda ake yi a kowane taron mutunci: maza a dama, mata a hagu. Kare ya bi maza, don kada ya taɓa mata zane tana da alwala, kuma don ya yi nesa da Madara. Katakon tuƙi biyu ne, duka aka miƙa wa maza, don ba a ba mace wahala ga namiji a zaune. Rahma ta riƙe kular shinkafa, Suzana ta riƙe kwandon kyanwa. Kowa ya ga tsari ya yi kyau.

Ba su yi nisa ba hazon damina ya sauko, irin na Jos mai sanyi da ke shiga ƙashi. Tudun ya ɓace, gaɓar ta ɓace. Lukuman da Pam suka ci gaba da tuƙi iya ƙarfinsu, su biyun a gefe ɗaya.

Sai suka wuce wani busasshen itace a cikin ruwa, da shuɗiyar leda maƙale a reshensa. Can an jima suka wuce wani, shi ma da shuɗiyar leda. Suzana ta ce ita fa kamar ta san ledar nan. Lukuman ya ce mata leda ai ba inda babu ita a ƙasar nan. Ba a jima ba suka wuce na uku, shi ma da ledarsa. Ga kuma wani kiɗa da suke ji sama-sama, yanzu a gabansu, an jima a hagu, an jima a baya. Kofur yana bin kiɗan da haushi yana juyawa, jirgin yana tangaɗi, Madara tana yaƙushin kwando. Rahma ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Suzana ta ɗauko tata a gefe. Pam ya ce shi kakarsa ta sha gaya masa cewa ramukan kuza suna da masu su.

Inna Balaraba ba masu ruwa ne suka dame ta ba. Duk inda ta juya fari take gani fat, ba sama ba ƙasa, kuma ta kasa gane ko hazon ne ko kuwa abin da likita ya faɗa ne ya iso ta a tsakiyar ruwa, saura ƙiris ta kai. Ta daɗe tana juya abin kafin ta iya tambaya.

"Mai zarto, kai ma farin kake gani, ko ni kaɗai ce?"

"Duk shi muke gani, Inna."

"To ku ƙara hannu. Kada ya tashi muku ni ya zauna mini."

Suka ƙara hannu, itacen ya riƙa zuwa da sauri fiye da da. Daga ƙarshe hannun Pam ya gaji ya saki tuƙi, jirgin ya karkace ya kutsa cikin wata doguwar ciyawa ya tsaya cak. Kofur ya yi tsalle ya ɓace. Lukuman ya sanar cewa an iso tudu.

Aka riƙo Inna ta sauka. Ta tuɓe takalmi, ta taka kaɗan, sai ta ji fa a ƙarƙashin ƙafarta. Ta durƙusa tana lalube. Gurbi ɗaya, cike da ruwan sama. Na biyu. Na uku. Ta koma na tsakiya, ta kwashe ruwan da tafin hannu, ta kai fuskarta dab da shi, ta gan shi, da santsinsa da ɗigon baƙi-baƙin da ke jikinsa. Yatsanta ya faɗa cikin tsagar aya. Ta zauna nan ta yi wa uwarta addu'a.

Suna nan hazon ya fara yayewa. Pam ya miƙe yana neman karensa, sai ya tsaya da baki buɗe.

"Oga Lukuman, wancan motata ne, ko wani ya tsallako da irinsa?"

Akori-kurar ce, taku talatin a bayan ciyawa, rediyonta a kunne yadda ya manta shi, Kofur kwance a ƙarƙashinta. Tudun kuwa yana can tsakiyar ruwa, ba komai a kansa sai balbelu. Wata mai noman dankali, Loyis, tana tsaye a kan kunya da fartanya. Ta ce ita daga sama take hango rufin kwanon, sau shida suka zagaya, har ta ɗauka wani sabon wasa ne na 'yan birni. Ta tambaya ko ba su san ana raba masu tuƙi hagu da dama ba. Inna ta ce a gidansu dai ba a cakuɗa zama.

Aka ci shinkafa a kan fan, har da Loyis. Batirin motar ya mutu, sai da maza da mata suka haɗu a gefe ɗaya suka tura.

An yi wa Inna aikin ido bayan Sallah, ɗaya ya buɗe, ɗaya bai buɗe ba, kuma har gobe cewa take sun tsallaka ruwa, motar ce ba ta san yadda aka yi ta biyo su ba. Lukuman ya koma yin ƙofofi. Pam ya sayi sabon batir, Rahma da Suzana ba su sake shiga ruwa ba. Jirgin yana gonar Loyis tana zuba dankali a ciki, Madara tana nan a kan gadon Inna, Kofur kuma har yanzu haushi yake yi in ya ga shuɗiyar leda.