Turmin da Bilhatu Ta Ba da Aro

Gidan Ishaya kafinta yana bayan kasuwar Anka, ɗaya daga cikin 'yan gidajen Kirista da ke unguwar. Daga Zuru ya zo da matarsa tun suna amarci. A Anka suka haifi babbar 'yarsu Bilhatu, wadda a shekarar nan ta cika goma sha huɗu, kuma Inna take ce wa uwarta kamar sauran yaran unguwa. Autansu Nuhu yana da shekara ɗaya da rabi. An yaye shi, kunun gero ne abincinsa safe da yamma.

Inna tana da turmin kirya mai nauyi, wanda matan unguwa ke yawan ara. Wata rana ta dawo daga awon Nuhu a asibiti, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Bilhatu, daga yau kada a sake ba kowa aron turmin nan. Ko taɓarya."

"Don me, Inna?"

"Na dai faɗa miki."

Inna ba mai dogon bayani ba ce. Abin dai ya ba Bilhatu kunya. A unguwarsu turmi da rariya da tukunyar suna ta kan katanga suke yawo, wanda ya hana kuwa sunan marowaci ya bi shi. Ga shi kuma kowace Lahadi da yamma, a zumuntar matasa ta majami'arsu, Malama Kezaya tana koya musu biyayya ga iyaye, tana koya musu jin tausayin maƙwabci. Bilhatu ba ta taɓa tunanin za a wayi gari waɗannan biyun su ja ta gefe daban-daban ba.

Bayan mako guda Inna ta tafi Gummi sunan jaririn ƙanwarta, ta bar mata Nuhu na kwana uku. A rana ta biyu da hantsi sai ga Habsu, maƙwabciyarsu, ta yi sallama. Tana ɗauke da tsohon ciki, ga 'yarta Mardiyya goye a baya, gumi yana bin wuyanta.

"Ɗiyar Inna, ki rufa min asiri. Maigidana Surajo ya kawo kaya tun jiya, turmina ya dare biyu, ga daka gabana."

"Inna ta ce..." Bilhatu ta kasa ƙarasawa.

"Inna ta ce mi? Ni da Innarki munka fara aron turmi ba a haihe ki ba. Kafin la'asar ya dawo."

Bilhatu ta dubi ƙafafun Habsu da suka kumbura. Ta ce a ranta, yaya za a yi mace mai ciki ta kwana da yunwa da 'ya'yanta alhali ga turmi a ajiye? Da kanta ta mirgina shi har ƙofar gidan. Kafin la'asar kuwa ya dawo, an wanke shi tas da sabulu, ga ƙullin daddawa a ciki, domin ba a mai da kayan aro wayam. Bilhatu ta ji daɗi a ranta. Da Inna ta dawo ba ta gaya mata ba, ta ci gaba da daka geron kunun Nuhu a ciki kowace safiya.

Kwana goma sha biyu suka wuce.

Ran Lahadi, bayan an gama waƙa da addu'a, Malama Kezaya ba ta sallame su ba. Ita ma'aikaciyar lafiya ce a sauran kwanakin mako, kuma ranar fuskarta ba walwala.

"Yarana, ku zauna. Akwai umarnin da iyaye ke bayarwa ba su faɗi dalili ba. Yau zan faɗa muku dalilin ɗaya daga ciki. Kun san dutsen zinariya da ake kawowa daga Bagega?"

"Mun san shi, Malama. Shi zai saya min babur," in ji wani daga baya. Aka yi dariya.

Malama ta jira har dariyar ta lafa. Sannan ta yi musu bayani dalla-dalla. A cikin dutsen nan akwai dalma, kuma guba ce. Idan an daka shi, ƙurar tana bin ƙasa, tana bin kwano, tana shiga tsagar ice. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ƙananan yara ta fi kamawa. Yaro zai yi ta wasansa lafiya lau, ita kuwa tana taruwa a jininsa, sai rana ɗaya ya fara jijjiga. Wasu sun makance, wasu ba su tashi ba. Gwajin jini kaɗai ke nuna ta da wuri.

"Turmin da aka daka dutsen nan a ciki ya tashi daga turmin abinci," in ji ta. "Ko an wanke shi da sabulu sau goma."

Kalmar sabulu ce ta tsaya wa Bilhatu a rai. Ta ce wa kanta ai Habsu gero ta daka. Sai ta shiga laluben maganar ranar. Kaya, Habsu ta ce. Daka, ta ce. Gero kam ba ta ambata ba. Bilhatu ce ta sa geron da kanta, domin a gidansu in an ce daka, hatsi ake nufi.

Ba ta jira addu'ar rufewa ba. Da gudu ta isa gidan Habsu, ta faɗa ciki ko sallama babu. Habsu tana tsakar gida a gaban sabon turmi, taɓarya tana sauka da wata ƙara wadda hatsi ba ya yi. Gefenta buhu ne cike da fasassun duwatsu. Mardiyya tana zaune cikin farar ƙura, tana tsotsar yatsunta.

"Mi yaf faru? Kura ta biyo ki?" in ji Habsu tana dariya.

"Inna Habsu, me kika daka a turminmu?"

"Wanga dutsen mana. Ai naku ya hi wannan, nan da nan yake yin gari. Ko kin ga ya yi datti? Wallahi har da soso na wanke shi."

Bilhatu ta juya ta fice.

A hanya wani tunani ya zo mata. Tana iya yin shiru, ta ce turmin ya tsage, Baba ya sayo wani, ba wanda zai sani. Amma in ta yi shiru, wa zai kai Nuhu gwajin jini? Ta tsaya a zaurensu, ta ce a hankali, "Ya Ubangiji, ni na yi laifin, ba Nuhu ba. Ka buɗe min baki."

Ta shiga ta tarar da Inna a kan tabarma, Nuhu a cinyarta, ludayin kunu a bakinsa. Bilhatu ta fizge kwanon, kunu ya zube a ƙasa. Nuhu ya tsala ihu.

"Ke! Kanki ɗaya?"

Bilhatu ta durƙusa. "Inna, da kina Gummi na ba Inna Habsu aron turmi. Dutsen zinariya ta daka."

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dubi turmin da ke jingine da bango, ta dubi ludayin da ke hannunta, ta sake shi ya faɗi.

"Kwana nawa?"

"Sha biyu."

"Safe da yamma." Inna ta faɗa kamar da kanta take magana. "Da hannuna na yi ta ba shi."

Ishaya ya fito daga ɗaki, ya ji komai. Ya ɗauki tsohon buhu ya tura turmin da taɓaryar ciki, ya ɗaure bakin, ya wanke hannunsa har gwiwa. Inna kuwa ta miƙa wa Bilhatu yaron, ta yafa gyale ta nufi ƙofa.

"Inna, don Allah kada ki yi mata faɗa, ba ta sani ba!"

"Na san ba ta sani ba. Ita ma tana da ɗiya."

Ta kan katanga Bilhatu ta jiyo su. Habsu ta fara da dariya, ta koma rantsuwa cewa Mardiyya ko zazzaɓi ba ta yi, ta ce Surajo yana Bagega, ba za ta fita zuwa asibiti ba sai da izininsa. Inna ta ce Ishaya zai buga masa waya yanzu. Daga nan ƙarar taɓarya ba ta sake tashi ba.

Washegari da sassafe suka tafi asibiti su duka. Aka soki yatsun yaran biyu aka ɗebi jini. Suka zauna a benci suna jira, Habsu tana jan carbi, Inna tana motsa leɓe ido rufe. Bilhatu ta rungume Nuhu, duk motsin da ya yi sai ta duba fuskarsa.

Malama Kezaya ce ta fito da takardu biyu. Ta fara da Inna. Akwai dalma a jinin Nuhu, amma an tare ta da wuri, zai sha magani na wasu kwanaki a sake gwadawa. Sannan ta juya ga Habsu, ta sassauta murya. Na Mardiyya ya wuce iyakar da na'urar ke iya karantawa. Yau za a ba ta gado.

"Wannan?" Habsu ta ɗaga yarinyar da ke wasa da bakin hijabinta. "Dube ta fa, Malama. Dariya takai."

"Na gan ta. Gara da kika kawo ta tana dariya."

Habsu ta zame daga benci ta zauna a ƙasa, tana innalillahi. Inna ta kama ta ta tayar, ta karɓi Mardiyya ta bi ma'aikatan da ita. Da ta dawo ta zauna kusa da Bilhatu, wadda hawaye ya wanke wa fuska.

"Kin saɓa maganata," in ji Inna. "Ni kuma na ɓoye miki dalili, na ɗauke ki yarinya. Kowa zai nemi gafarar nasa."

"Zai warke, Inna?"

"Kin ji abin da Malama ta ce. Mu ba shi magani, mu bar wa Allah sauran. Riƙe min hannuwansa."

An kwaɓa maganin farko a cokali. Nuhu ya ji warinsa ya sanƙare, ya tofar da rabi a rigar yayarsa. Bilhatu ta ƙara matse shi a ƙirjinta, tana yi masa 'yar waƙa a kunne, har ya haɗiye sauran.