Muryar Tsahara a Kaset

Mutum uku ke cikin labarin nan: Lurwanu na Bazaga, da mahaifiyarsa marigayiya Tsahara, da Nasiba mai kula da tsofaffin kaset a ɗakin littattafan jami'a.

Lurwanu ɗan fari ne, don haka kunya ta hana Tsahara kiran sunansa har ta rasu. Da ya ji masu bincike sun taɓa ɗaukar muryarta, ya yi tafiyar yini guda, ko ta ambace shi.

Nasiba ta kunna kaset. Aka tambayi Tsahara 'ya'yanta. Ta faɗi sunan huɗu, ta yi shiru, sannan ta ce, "Da babbansu."

Nasiba ta ce, "Baba, in kashe?"

Ya ce, "A'a, ɗiyata. Maido mini wurin da ta yi shirun."

Inda na kuskure, mai karatu ya taimaka ya gyara mini.