Ranar da Matan Zumunta Suka Hau Jirgina

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ba mai son a ji muryata ba ce, ko a baki ko a takarda. Amma abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na zauna na rubuta.

Sunana Fibi. Ina aiki a wani tsohon ramin kuza da ke kan hanyar Kuru, wanda ruwa ya cika tun kafin a haifi mahaifiyata. Mu dam muke ce masa. Baba Mwadkon, mai wurin, ya share bakin ruwan, ya kafa rumfuna, ya sayo jirage biyu masu ƙaramin inji. Asabar da Lahadi mutane kan zo daga cikin gari su ci gasasshen kifi, mu zagaya da su a kan ruwa, su ɗauki hoto. Da shara na fara. Shu'aibu, direban babban jirgin, shi ya koya mini riƙe inji, har Baba ya bar mini ƙaramin. Aikin ya dace da ni, domin ƙarar inji ba ta barin kowa ya ja ni da hira.

Wata rana aka aiko wa Baba cewa daga yanzu duk mai ɗaukar mutane a jirgi sai ya yi horo ya karɓi lasisi. Wanda bai samu ba, ya sauka. Baba ya kira mu ya faɗa mana.

"Fibi, in kin faɗi ba ni da yadda zan yi. Tsintsiyarki tana nan inda kika bar ta."

Shu'aibu ya ce, "Oga, ai tuƙi ba zai kayar da ita ba. Sai dai in an ce ta buɗe baki."

Wadda ta zo koya mana sunanta Madam Kenechi, wata gajeriyar mace da ta girma a bakin babban kogi a Lokoja. Hausarta ta kasuwa ce, tana haɗawa da Turanci, amma ba wanda bai gane ta ba. Ta koya mana iyakar mutanen da jirgi zai ɗauka, da yadda ake jefa igiya ga wanda ya faɗa ruwa, da kashe inji kafin a matso kusa da shi. Ta ce in hadari ya haɗu ta wajen duwatsu mu juyo, kada mu jira ɗigon farko. Duk wannan ya shige ni da sauƙi.

Sai ta ce mu kawo rigunan kariya, waɗanda muke kira jaket. Na je na kwaso su daga kan bencin jirgi.

"Me suke yi a kan benci?"

Shu'aibu ya ce, "Madam, bencin ƙarfe ne, ga sanyin Jos. A kansu ake zama."

Gaskiya ya faɗa. Tun da na zo wurin ban taɓa ganin baƙo ya sa ba. Wanda ya ci ado don hoto ba zai rufe kwalliyarsa da jar riga mai kauri ba. Mu ma muna ganin mun kyauta, tunda ga su a cikin jirgi, kusa da kowa.

Madam ta matsa ɗaya da yatsu. Ta lanƙwashe kamar tsohuwar tabarma. Ta dube ni.

"Ke, sa wannan. Shiga ruwa."

Ban taɓa shiga dam ba. A gidanmu tun muna yara ake gaya mana cewa ramin kuza ba shi da ƙasa, kuma ba wanda bai san gidan da ya rasa yaro a cikinsa ba. Na yi shekaru ina yawo a kansa, amma ko ƙafa ban taɓa tsomawa da gangan ba. Ta ɗaura mini igiya a ƙugu, ta ba Shu'aibu ɗaya bakin, na sauka daga kan katakon da muke ɗaure jirgi.

Sanyin ruwan ya ɗauke mini numfashi. Jaket ɗin ta haye har kunnuwana, ni kuma na yi ƙasa. Na sha ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe kafin su jawo ni. Ina tari ina rawar sanyi, Madam ta cire tata ta sa mini, ta ja maɗauran har sai da na ji a haƙarƙarina.

"Koma."

Na koma ina kuka. Wannan karon ruwan ya ɗaga ni. Na kwanta rigingine, na ga sama, na ga wata shirwa tana shawagi, na ji ƙafafuna suna lilo ba su taɓa komai ba, kuma ban nutse ba. Da na fito, Madam ta ce wa Baba duk jaket ɗin da aka daɗe ana zama a kanta soson cikinta ya mutu. Baba bai yi gardama ba, domin ya gani da idonsa. Kafin mako ya zagayo ya kawo sababbi.

Jarrabawar ƙarshe ranar Asabar ce, da baƙi na gaske. Madam za ta tsaya a bakin ruwa tana kallo. Sharaɗin shi ne direba ya faɗa wa mutanensa dokoki da bakinsa, kuma kada ya kwance igiya sai kowa ya sa jaket ya ɗaure. Shu'aibu ya samu wasu ɗalibai, ya yi ta ba su dariya har suka sa ba su sani ba. Ni ina tsaye ina maimaita maganata a zuci, sai ga wata bas ta tsaya. Mata suka fara sauka cikin zane iri ɗaya da farin ɗankwali. Zumuntar matan cocinmu ce ta Anguwan Rukuba, sun fito shan iska bayan taro.

A gaba akwai Mama Dina, uwar zumunta. Ita ta riƙe ni ranar da aka raɗa mini suna. Ita ta zauna da mahaifiyata a asibiti har ƙarshe. Ban taɓa duban tsakiyar idonta ba.

"A'a, Fibi! Ashe ke ce direba? To mu naki za mu shiga, ba na wancan mai surutun ba."

Shu'aibu ya ce, "Mama, ni fa na fi ta sauri."

"Saurin me? Sama muke so mu je, amma ba yau ba."

Suka shiga suna dariya, iya waɗanda jirgin zai ɗauka. Na miƙa wa kowacce jaket. Kowacce ta karɓa, ta ce na gode, ta shimfiɗa a kan benci ta zauna.

Na ji idon Madam a bayana.

Mama Tina, wadda ke ba da waƙa a zumunta, ta ce, "'Yata, ja mana mu tafi, rana tana yi."

Na ce, "Sai an sa jaket." Ni kaɗai na ji abin da na faɗa.

"Me ta ce?"

"Wai a sa wannan abin."

Mama Dina ta ce, "A kan kayan zumunta? Fibi, kin taɓa ganin an ɗora wani abu a kan wannan zanen? Ubangiji yana tare da mu. Tayar da inji."

A tarbiyyar da aka yi mini, yarinya ba ta tsayawa a kan iyaye mata ta ba su umarni. Amma na tuna ɗanɗanon ruwan nan a maƙogwarona, na dubi Mama Dina da nauyin jikinta da zanen da zai naɗe mata ƙafafu. Sai na yi abin da na saba yi in zan yi mata magana a gida. Na durƙusa a kan katakon, gwiwa biyu, igiyar jirgin tana hannuna.

"Mama, ku yi mini haƙuri. Na shiga ruwan nan da jaket da aka zauna a kanta, ba ta riƙe ni ba. Ƙasa na yi. In kuka zauna a kan waɗannan, su ma haka za su zama. In jirgi ya kife, ba wadda za ta samu lokacin ɗauko ta daga ƙarƙashinta. Ba zan kwance igiyar nan ba sai kowa ya sa, ya ɗaure. In mun tafi kuma, ba a tashi tsaye, ko waƙa ta yi daɗi."

Wannan karon muryata ta fita. Har masu gasa kifi sun juyo.

Mama Dina ta dube ni, ta daɗe. Sai ta dafa kafaɗar ta kusa da ita, ta tashi, ta fita daga jirgin. Ta wuce ni, ta je ƙarƙashin rumfa ta zauna ta ba mu baya.

Na ɗauka sauran za su bi ta. Mama Tina ce ta zaro tata daga ƙarƙashinta tana juya ta.

"To ni dai ban iya ruwa ba, kuma jikokina suna jirana da tuwo. Zo ki nuna mini inda kai yake shiga."

Na tashi na sa mata, na ja maɗauran.

"Wayyo, za ki kashe ni tun kafin ruwan! Ku dube ni, kamar buhun dankali."

Dariya ta ɓarke. Ɗaya bayan ɗaya na bi su ina ɗaurewa, suna tsokanar juna a kan wadda tata ta ƙi rufuwa. Sannan na kwance igiya.

A tsakiyar dam Mama Tina ta ɗauko waƙa, suka amsa. Muryoyinsu suka bugi duwatsu suka dawo. Da amshi ya yi zafi sai na ga ta fara miƙewa, wasu biyu suna shirin bin ta, jirgin ya karkata. Na kashe inji.

"Mama, a zauna!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ta koma daɓas, ta ce, "To, direba," suka ci gaba da rawarsu a zaune, da kafaɗu da tafi.

Da muka dawo, Madam Kenechi ta karɓi igiya ta ɗaure da kanta.

Ta ce, "Na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin direba ya ba da oda a kan gwiwa ba. Amma ba inda aka ce sai a tsaye. Kin ci. Lasisinki zai zo tare da na Shu'aibu."

Baba Mwadkon ya yi ta gyaɗa kai. Shu'aibu ya ce daga yau shi ma tsorona yake ji. Na yi murna ƙwarai, sai dai Mama Dina ta shiga bas ba ta dube ni ba, wannan kuma ya tsaya mini a rai.

Washegari Lahadi, tun kafin a buga ƙararrawar farko, na tafi gidanta. Na same ta a tsakar gida tana ɗaura ɗankwali. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a gajarce, ta ci gaba da abin da take yi. Na zauna a nan ban tashi ba.

Can ta ce, "Tina ta hana ni barci da labarin ruwan nan. Wai har da tsuntsaye a wancan gefen."

"Akwai su, Mama."

"Abin nan naku, akwai wanda zai rufe a jikina? Waɗanda na gani duk na 'yan mata ne."

"Akwai babba guda, Mama. Zan ajiye miki."

"Ban ce zan zo ba."

Ta nuna mini jakarta da haɓa. Na ɗauka, na riƙe mata ƙofa, muka kama hanyar coci tana gaba ina binta.